Naƙuda a Kujerar Gaba

Har yau idan na shiga ɗaki na tarar an kwantar da mai naƙuda tun ciwo bai yi nisa ba, ana yi mata fifita ana cewa ta huta, sai in ji raina ya ɓaci. Jikokina suna cewa Iya Rabi ta cika faɗa, wai ko ma'aikatan asibiti ban ƙyale ba. Su yi ta faɗa. Ni na san abin da hutun nan ya so ya yi min a ƙasar da ba tawa ba.

Shekarar da muka bar ƙauyenmu na kusa da Zakirai, gero a tsaye ya bushe tun bai fid da kai ba. Wajenmu kuwa gona a jikin gona take, babu dajin da mutum zai ce bari ya je ya sari sabuwa. Mijina, Malam Garba, yana da kawu a Sudan mai aikin auduga, shi ya aiko wani alhaji da saƙon baki cewa can akwai aiki, akwai abinci. Ina ɗauke da cikin fari a lokacin. Bisa al'ada gidanmu ya kamata in koma goyon ciki, amma su kansu gidan namu sun koma cin tafasa da dusa, ƙara musu baki zalunci ne. Inna ba ta hana ni tafiya ba. Bayan rumbu kawai ta ja ni, ta ƙulle min sabuwar reza a bakin zani, ta ce, "Rabi, idan abin ya zo, kada ki yarda ki kwanta. Ki sha ruwa, ki yi ta tafiya, in akwai turmi ki yi daka. Sai ƙafa ta ƙi ɗaukarki sannan ki durƙusa."

Ba sabon zance ta faɗa min ba. A garinmu ungozoma ba ta barin mai naƙuda ta zauna. Tun ina yarinya nake ganin matan gidanmu suna zagaya rumbu dafe da jikinsa, suna cije leɓe, wata tsohuwa na biye da su tana cewa a ƙara zagaye ɗaya.

Ni da Malam kuwa ba mu taɓa yin zancen cikin ba. Yana gani, na san yana gani, amma baki bai taɓa furtawa ba, don cikin fari ne, kunya ba ta bari. Bai tambaye ni watansa nawa ba, ni ma ban faɗa ba. Shi kaɗai ya yi lissafinsa a zuci, ya yanke cewa za mu isa wajen kawunsa da sauran lokaci mai yawa. Malam mutumin kirki ne, Allah Ya ji ƙansa, amma lissafin ciki ba fanninsa ba ne.

A Injamena muka fara sanin mun bar gida. Wani Bahaushe ɗan kamasho ya tare mu a tasha da fara'a, yana ta "'yan'uwana, 'yan'uwana," har ya ce kakarsa mutuniyar Gabasawa ce, can wajenmu. Malam ya saki jiki, ya ba shi kuɗin mota har iyakar Sudan. Da muka isa Abashe, da sauran tafiya mai nisa kafin iyaka, direba ya sauke mana kaya, ya ce iya nan aka biya masa. Malam ya yi rantsuwa, ya yi roƙo, ya kawo ayoyi, direba ya kaɗa kai ya tafi shan shayinsa. Ni dai ina zaune a kan ƙullin kayanmu ina tunanin kakar nan ta Gabasawa, ko ta san irin jikan da ta bari a duniya.

Muka maƙale a Abashe wata da watanni. Malam ya shiga aikin bulo, ni kuma ina yi wa matan zango daka suna ba ni tsaba. Ban ƙi dakan ba, jikina ma ya fi daɗi da shi. Abin da ya dame ni kewa ce. Miyarsu babu daddawa, gaisuwarsu ban iya ba, ko luguden matan garin ba irin namu ba ne. Wata Babarbariya da muke ɗaki kusa da juna ta taɓa miƙo min ɗan gutsuren daddawa a tsumma, ban san inda ta samo ba. Ban sa a miya ba sai da na yi kwanaki ina sunsunawa, ina tuna madafin Inna ina hawaye. Cikina kuwa sai sauka yake yi ƙasa, ni kaɗai na san me hakan yake nufi.

Ranar da aka sami motar iyaka, wata tsohuwar roka ce shaƙe da buhunan gishiri, fasinja a saman buhuna. Malam ya zo min da murna har kunne, ba babbar rigarsa ta angonci a kafaɗa.

"Rabi, na sayar da rigar nan," in ji shi. "Na sama miki gaba, kusa da direba. Ba za ki hau saman buhu ana jijjiga ki ba."

Me zan ce? Mutum ya rabu da rigarsa guda ɗaya tilo saboda ni. Na ce, "An gode, Malam. Allah Ya saka." Raina kuwa yana wajen matan da na ga suna hawa baya, suna miƙa wa juna hannu. A cikinsu akwai wata doguwa baƙa mai tsage a kumatu, ta hau da 'yar akuyarta a kafaɗa tana zazzaga wa kowa faɗa da Larabcinsu na can. Har muka rabu ban san sunanta ba, Mai Akuya nake kiranta.

Kujerar gaban nan da ake ta yi min barka da ita, kurkuku ce. Direba a hagu, wani attajiri mai rawani a dama yana zuƙar taba, ni a tsakiya, ƙarfen giya yana dukan gwiwata, zafin inji yana tasowa ta ƙarƙashina. Ba damar miƙe ƙafa, ba damar juyawa, don ko ta ina na motsa sai na taɓa namijin da ba nawa ba. Ko gari ba mu gama fita ba na ji marata ta ɗaure, ta riƙe, ta saki. Na ce ko jijjiga ce. Can an jima ta sake ɗaurewa, har bayana ya amsa. Na ce innalillahi a zuci, na ja mayafi na rufe rabin fuska.

Ruwa ma na daina sha. Attajirin ya miƙo min gora ba sau ɗaya ba, ina girgiza kai. Idan na sha, fitsari zai kama ni, to da wane baki zan ce wa maza biyu baƙi su tsayar da mota in tsuguna? Akwai wata 'yar taga a bayan kaina, idan na ɗan karkata ina hango matan baya. Wannan ta miƙe ta gyara zani, waccan ta juya ta jingina da 'yar'uwarta, suna ta hira. Ban taɓa ƙyashin mutum kamar yadda na yi ƙyashin matan nan a kan buhun gishiri ba.

Da aka tsaya sallar azahar na sauko da ƙyar, ƙafafuna sun yi nauyi. Na ce alhamdulillahi, yanzu zan ɗan taka. Kafin in yi taku uku Malam ya shimfiɗa tabarma a inuwar mota.

"Zo ki kwanta ki huta. Kin ga fuskarki kuwa?"

"Malam, da dai na ɗan zagaya."

"Zagaya ina a cikin wannan rana? Kwanta, Rabi. Gajiyar hanya ce, za ta sake ki."

Na kwanta. Wannan kwanciyar har yau ban yafe wa kaina ita ba. Maganar Inna tana kunnena, jikina yana ce min tashi, amma aka ce kwanta, na kwanta, don kada in buɗe baki in faɗi kalma ɗaya a gaban mijina. Wace irin kunya ce wannan da za ta kai mutum kabari yana murmushi?

Haka muka wuni, haka muka kwana a hanya. Ciwon ba ya gaba, ba ya baya. Ya zo ya murɗe ni, ya tafi ya daɗe, ya dawo ba ƙarfi, kamar wutar ɗanyen itace, hayaƙi kawai. Da gari ya waye aka mayar da ni tsakanin mazan nan biyu. Leɓena ya tsattsage, idona yana ganin duhu-duhu, abin da ya fi tayar min da hankali kuma, motsin da na saba ji a cikina ya ragu. A gefen hanyar muna wuce tarin duwatsu jefi-jefi, tun a Abashe aka gaya mana kaburburan matafiya ne. Na san idan aka ci gaba a haka ƙarfina zai ƙare kafin abin da ke cikina ya fito. Babu asibiti a dajin nan, babu ungozoma, babu Inna. Mu biyu za a tara wa duwatsu, mota ta wuce.

Da hantsi muka gangara wani busasshen rafi mai faɗi, yashi ne zalla. Motar ta yi gurnani, ta yi gaba, ta yi baya, ta nutse har ciki. Direba ya buga sitiyari ya ce kowa ya sauka. Maza suka shiga tonon yashi da hannu, wasu suna saro rassa suna cusawa ƙarƙashin taya. Kowa yana tsine wa rafin nan. Ni kaɗai ce na gode masa.

Malam dai bai fasa ba. Ya kai tabarmarsa gindin wata aduwa, ya ce in kwanta kafin su gama. Ina kwance a gefe ɗaya ina cizon bakin mayafi, sai na ga inuwa a kaina. Mai Akuya ce. Ta tsaya tana kallona, ta tsuguna, ba sallama ba neman izini ta ɗora tafinta a cikina. Daidai lokacin ciwon ya zo. Ta jira ya wuce, ta ja tsaki mai tsawo, ta kama hannuna.

"Gummi!" ta ce. "Amshi!"

Ban san Larabci ba sai na salla, amma yadda take fizgata na gane tashi take cewa, in yi tafiya. Malam ya hango, ya taho da gudu hannunsa duk yashi. Ya tattaro Larabcinsa na littafi yana yi mata bayani a hankali, wai ba ni da lafiya, a bar ni in huta. Ta dube shi sama da ƙasa, ta zazzaga masa wata magana mai tsawo wadda na tabbata babu ita a littattafansa. Ya juyo wajena.

"Rabi, kada ki biye mata. Ba mu san ta ba. Kwanta abinki."

Na dafa ƙasa, na kama kafaɗar matar, na miƙe. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa saɓa masa a fili ba sai ranar. Mai Akuya kuwa ta danƙa masa igiyar akuyarta, ta ja ni muka bi cikin rafin.

Da muka sha kwana maza suka ɓace, abin da ta fara yi shi ne ta nuna min bayan wani dutse. Na tsuguna na yi fitsarin da na riƙe tun jiya, na ji kamar an sauke min kaya. Ta kafa min gorarta a baki, ta ƙi cirewa sai da na sha na ƙoshi, ta tura min dabino. Sannan tafiya. Yashi yana cin ƙafa, rana tana dukan ƙeya, hannuna a wuyanta. Idan ciwo ya zo in rataya a jikinta, ta kama ƙuguna tana juya shi hagu da dama, tana wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Idan ya wuce ta ce, "Amshi."

Kada wani ya ce muku tafiya tana rage ciwon. Ƙara shi ta yi. Amma ciwon ya canza hali. Na jiya mai yawo ne kawai a baya da mara, na yau kuwa yana zuwa a kan kari, kowane ya fi na bayansa, kuma ina jin nauyin yana sauka ƙasa kaɗan-kaɗan. Can sai na ji an harbe ni ta ciki, harbi mai kyau. Na fashe da kuka, na ce, "Yana nan! Wallahi yana nan!" Ba ta ji Hausa ba, amma ta yi dariya. Na haihu sau da dama bayan wannan, a Sudan da kuma nan gida bayan mun dawo, na kuma ga naƙudar da tafiya ba ta yi mata magani sai an kai ga likita. Ban ce kowace haihuwa ƙafa ce ke kawo ta ba. Amma tawa ta ranar, kujera ce ta tsayar da ita, ƙafa ta tayar da ita.

Ba wai na yi ta godiya ba ne a lokacin. Na zagi matar nan da Hausa iya zagi. Na ce mata muguwa, na ce ta bar ni in zauna ko na numfashi ɗaya ne. Ta gyaɗa kai kamar ta yarda, ta ci gaba da jana. Muka je muka dawo, muka je muka dawo, tsakanin dutsen nan da wasu ramukan ruwa da makiyaya suka tona a cikin yashi. Matan makiyayan da ke ɗibar ruwa suka ajiye tulunansu suna kallo, daga baya biyu suka matso, ɗaya ta kama ni ta ɗaya gefen. Ana cikin haka faya ta fashe, ruwa ya bi ƙafafuna.

Daidai nan muka ji injin mota ya tashi, maza suka yi kabbara. Sai oda, ɗiit, ɗiit, ba ƙaƙƙautawa. Ga Malam ya ɓullo ta kwanar yana haki, akuya na turjewa a bayansa.

"Rabi! An fito da mota! Ki daure ki taho, direba ya ce ba zai jira kowa ba. Kujerarki tana nan, na hana kowa zama."

Kujerata tana nan! Wani abu ya taso min tun daga tafin ƙafa. Kwana da wuni ina haɗiye magana, na haɗiye a Injamena, na haɗiye a Abashe, na haɗiye tsakanin direba da mai taba. Na ɗago na dubi tsakiyar idonsa, abin da ban taɓa yi ba.

"Malam, haihuwa zan yi! Tun jiya nake naƙuda! In ka mayar da ni kujerar nan, gawa biyu za ka sauke a iyaka. Ka matsa ka ba mu wuri!"

Ba abin da ya fito daga bakinsa sai, "Tun jiya? Rabi, tun jiya?" Sannan ya juya da gudu. Daga baya ya ba ni labari, ya roƙi direba har da durƙusawa, fasinja suka yi ta gunaguni cewa rana tana yi, hanya ba ta da aminci, wasu matan suka sa baki a jira, ba a saurare su ba. Direba ya jefo ƙullin kayanmu da na Mai Akuya, ya ce wata motar za ta biyo, ya ja abarsa. Ina jin ƙarar tana nisa har ta ɓace. Kuɗin motarmu da rigar Malam suka tafi tare da ita. Na dubi Mai Akuya, don ita ma motarta ce ta tafi, ita ma ta biya. Ko waiwaye ba ta yi ba, ƙuguna take dannawa.

Ban ƙara nisa ba ƙafa ta ƙi. Gwiwoyina suka lanƙwashe da kansu a gindin wata bishiya da ruwa ya tone wa saiwa. Na durƙusa, na kama saiwar da hannu biyu. Matan makiyaya suka kwance mayafansu suka kare ni. Wannan karon ba wanda ya ce in tashi. Na yi nishi, na kira Inna, na kira sunan Allah, na ji kamar za a raba ni biyu. Wajen la'asar jaririn ya faɗo a hannun Mai Akuya.

Shiru. Ba kuka. Ina durƙushe ban iya juyawa ba, sai sautin tafinta nake ji tana murza bayansa, tana magana da shi da faɗa-faɗa kamar yadda ta yi wa Malam. Na ce shi ke nan, na kashe shi da kunyata, na kashe shi a kujerar gaba. Ban san tsawon lokacin ba. Sai wani ɗan tari, sai ƙara siririya, sai kuka sosai mai tsaga kunne. Matan suka ɗauki guɗa irin tasu. Na nuna musu bakin zanina, aka kwance reza aka yanke cibi.

Suka jingina ni da bishiyar, Mai Akuya ta goge shi da gefen mayafinta, namiji ne, ta miƙo min. Ni kuwa sai na kawar da kai. A garinmu haka ake yi. Uwar ɗan fari ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta ɗaukarsa da rawar jiki, kakanni da gwaggwanni ne suke karɓa, ita ta sunkuyar da kai kamar ba nata ba. Jikina ne ya yi abin da ya saba gani, ban ma yi shawara ba.

Matar nan ba ta san wannan ba. Ta ɗauka ƙin sa nake yi. Ta sake miƙowa, na sake kawar da kai. Sai ji na yi ta kama haɓata da ƙarfi ta juyo da fuskata, idonta jawur, hawaye yana bin tsagen kumatunta. Ta nuna hanyar da mota ta bi, ta nuna sawunmu da ya cika yashi, ta nuna yaron, tana ta faɗa. Sannan ta buɗe min gaba ta manna shi a ƙirjina, ta riƙe shi a wurin da tafinta don kada in ture.

Yana da ɗumi, yana da santsi, bakinsa yana ta lalube. Na ɗaga ido in ga wa nake jin kunya. Babu Inna, babu gwaggo, babu surukai. Mata uku ne da ban san harshensu ba, sai Malam can nesa ya juya mana baya yana share ido da hularsa. Na sa hannu biyu na karɓi ɗana, na kalle shi har na ƙoshi.